Motar Baba Sule Ta Daina Ƙara

Ku ukun nan da kuka zo garejinmu ranar Asabar da fararen takalmanku, kuka ce kuna son koyon kanikanci saboda kun ga hotona a waya riƙe da sifana, ku nake rubuta wa wannan. Ranar ban iya yi muku magana sosai ba. Na ji ɗayarku ta raɗa wa 'yar uwarta cewa, "Ashe ma girman kai gare ta." Na ji sarai, ai da kunne nake cin abinci. Ba girman kai ba ne.  A lokacin kwana biyu ke nan da tayar gaban wata bas ta karye ina zaune a kanta, bas ɗin da mutum goma sha huɗu suke jira a tasha.

Wata cikinku ta ce ai aikin ya zama wasa yanzu, tunda akwai na'urar da ake jonawa ta faɗa maka ciwon mota. Akwai ta. Maigidana na gareji ma yana da ita, tana cikin durowa tare da mataccen rediyonsa. Ku jona ta a motar da ƙafarta ta kusa ficewa ku ji abin da za ta ce. Lafiya lau za ta ce muku, ku tafi Allah ya kiyaye hanya. Ƙafar mota ba ta zance da kwamfuta. Ƙara take yi, wanda ya iya ji ya ji.

Maigidan nawa Kawu Iliya ne, ƙanin mahaifiyata, garejinsa yana nan Kazaure a bakin titin da ya nufi Roni. Da na gama sakandare abinci nake kai masa, ina tsayawa kallo, har ya gaji ya miƙo mini tasa da kananzir ya ce in wanke noti. Wata shida ina wankin noti. Ban taɓa sifana ba sai dai in miƙa. Daga nan ya ajiye mini benci a bakin titi, ya ce in rufe ido, duk motar da ta wuce in faɗa masa abin da na ji.

Ta farko ta wuce, ya ce, "Hindatu, mene ne wannan?"

Na ce, "Mota ce, Kawu."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Da ni na zaci raƙumi ne."

Shekara shida ke nan da wannan benci.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai na wani malamin makaranta ne daga Babura. Ya shigo da tabarau da biro uku a aljihu, ya riga ya gama bincike tun daga gida: giya ce ta lalace, a sauke ta. Kawu ya ce, "Malam, yaya take yi?" Wannan tambayar ita ce daɗin sana'ar gaba ɗaya. Za ku ga babban mutum mai furfura ya gyara tsayuwa, ya tsuke baki, ya fara "wuuu, wuuu" kamar yaro mai wasan motar kara. Kada ku yi dariya. Ku ce masa, "Ƙara yi, ranka ya daɗe, ban ji da kyau ba." Malamin nan sau uku ya yi mana.

Na shiga gaba muka hau titi. Gurnani ne mara yankewa, yana ƙaruwa da gudu, ba ruwansa da canjin giya. Na ce ya ɗan karkata sitiyari hagu, gurnanin ya ƙaru. Ya karkata dama, ya lafa. In ka karkata hagu nauyin mota kan ƙafar dama yake komawa, don haka mai ciwon ita ce ta dama. Boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen da taya take juyawa a kansu. Muka dawo na ɗaga ta a jak, na juya tayar da hannu ɗaya, na ɗora ɗayan a kan sifirin. Kana jin ƙaiƙayin yana bin ƙarfe har tafin hannunka, kamar ana niƙa tsakuwa. Malam ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ce, "Ai dama na yi zargin boris ɗin." Duk haka suke cewa. Ban taɓa samun mai motar da bai yi zargin abin ba tun da farko, bayan na gano shi.

Akwai wata unguwarzoma da take zuwa daga Gwiwa, ita tata ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" ce, kuma sai ta murɗe sitiyari za ta shiga kwana. A miƙaƙƙen titi shiru. Wannan shaf ne, sandar da take kawo wa taya juyi daga giya. Robar da ta rufe gaɓarsa ta yage, giris ya fice, yashi ya shiga ya zauna. In kun leƙa bayan tayar za ku ga baƙin giris ya fantsama ko'ina. Matar nan ita kaɗai ce a duk shekarun nan ta ce, "Ban san komai a kai ba, ki duba ki gaya mini." Na kusa yi mata aikin kyauta.

Ƙarar birki daban take, tsuwwa ce siririya mai shiga haƙori, in fatar ta cinye ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Wani lokaci kuma ba komai ba ne sai ɗan dutse da ya maƙale a bayan faifan birki. Wani manomi daga Roni ya taɓa kawo tasa yana rantsuwa an yi masa asiri, duk inda ya bi sai ya ji kamar ana kaɗa caki a gaban motar. Na ɓalle murfin tayar, gyaɗa ta zubo, kusan rabin kwano. A gindin rumbu yake ajiye motar, ɓera ya mai da ita ma'ajiya. Ya tsaya yana kallon gyaɗar, can ya sunkuya ya fara tsincewa yana zubawa a aljihu.

Kayan aikin ba su da yawa. Jak, wilsifana ta kwance notin taya, liba ta ɓanɓarawa, da dogon sukuddireba da za ki kafa bakinsa a ƙarfe ki ɗora kunne a kan mariƙinsa. Sauran a jikinki suke. In an ɗaga mota, ki kama taya sama da ƙasa ki girgiza. In ta yi lilo, boljoyin ne ko boris. Ki kama ta hagu da dama, in ta yi wasa, tayarod ne, sandar da ta haɗa taya da sitiyari. In kin shiga gwaji kuwa, ki cire takalmi ki kafa tafin ƙafa a daɓen motar. Wani bugun ƙafa ce take jin sa kafin kunne. Shi ya sa na ga takalmanku na yi shiru.

Shi boljoyin ƙwallon ƙarfe ne a cikin kofi, shi yake riƙe ƙafar mota ta ƙasa. In ya ci, ƙwallon yakan yi wasa a cikin kofin, sai ka ji "ƙwal, ƙwal" duk lokacin da aka faɗa rami. Boris yana iya yin wata guda yana gurnani yana ba ka haƙuri. Shi kuwa boljoyin in ya gaji fita kawai yake yi, taya ta kwanta, motar ta ci ƙasa da baki.

Shekarar da fetur ya gagari mutane ita ta ɓata mana sana'a. Motoci suka koma ƙarƙashin bishiya, awaki suna kwana a inuwarsu. Muna wuni ba a ɗaga jak ba. Waɗanda suka rage a hanya kuwa suka daina cewa a gyara musu mota, suka koma cewa, "Kashe mini ƙarar nan kawai." A lokacin ne wata dabara ta yaɗu daga nan har Babura. A yanko tsohon tiyub, a cusa shi cikin kofin boljoyin, a bubbuge bakin da guduma. Ƙara ta ɗauke cak. Ƙwallon yana nan a cinye, kofin ma ga shi an ƙara raunana shi da duka, amma kunne ya huta. Kawu ya ce duk ranar da ya ga an yi wannan a garejinsa, ranar zai rufe shi ya koma noman gero. Mun rasa mutane da yawa a kan haka. Suka ce mun cika tsada da iyayi.

Yanzu ga Baba Sule. Abokin mahaifina ne, tare suka yi ƙuruciya, shi ya yi mini huɗuba ma in ji Innata. Yana jan bas tsakanin Kazaure, Roni da Gwiwa tun ban san hagu da dama ba. Ba ya kirana da sunana, sai Injiniya, kuma yadda yake jan kalmar kowa ya san ba yabo ba ne. Sati biyu kafin abin ya faru ya shigo da ƙara a ƙafar gaba ta dama. Na ɗaga, na girgiza, na sa liba. Ƙwallon yana tsalle a cikin kofinsa, da ido ma ana gani. Na durƙusa na ce, "Baba, boljoyin ne, kuma ya kai ƙarshe. Kada ka ƙara ɗaukar mutane da shi."

Ya ce, "Iliya, ka ji Injiniya. Motar da na fi shekara goma ina ja, yau ita za ta gaya mini ƙarshenta."

Kawu ya ce, "Gaskiya ta faɗa maka, Yaya Sule."

Ya ce zai yi shawara. Ya tafi.

Ranar Alhamis da safe Kawu ya tafi Kano sayo kaya, ni kaɗai ce a gareji. Sai ga bas ɗin Baba Sule ta shigo, ya bi ta kan ramin nan na bakin ƙofarmu da gangan, ya ja birki, ya leƙo yana murmushi.

"Injiniya, kin ji wani abu?"

Ban ji ba. Ko ƙwal ɗaya. 

Na gaishe shi na ce, "Baba, an sa sabo ne?"

"Sabon me? Wani mai faci a Roni ya gama da ita kafin in shanye shayina. Shi ba ya da satifiket, hannu gare shi. Na biyo ne kawai ki ji da kunnenki, kada ki ce an ce. Bari in wuce, an cika mini lodi a tasha, mutum goma sha huɗu, Gwiwa za mu."

Na leƙa ƙarƙashi. Ga sawun guduma a bakin kofin, ga ɗan baƙin tiyub ya leƙo ta gefe kamar harshe.

Na ce, "Baba, don Allah ka bar ni in ɗaga ta. Minti biyar."

"Ba mai ɗaga mini mota. Lafiyayye ake kwantarwa a asibiti?"

To ku gaya mini, ku masu cewa aikin wasa ne, me za ku yi? Mutumin nan sa'an ubana ne. A gidanmu ko idonsa ba na kallo. Ba zan ce masa ƙarya yake ba, ba zan ce mai facinsa mahaukaci ne ba, ba zan tsaya a gaban motar ba. Makullin yana jiki, ina ganinsa, hannuna zai kai. Ban taɓa ba. Sai na nemi hanyar ladabi. Na ce, "Baba, ai ka san ƙa'ida, ba a sallamar mota sai bakanike ya shiga ya ji. Mu zaga bayan gareji sau ɗaya a hankali. In ban ji komai ba, a gaban kowa zan ce na yi kuskure."

Wannan ta ƙarshen ita ta ja shi. Ya ce, "Shigo. Yau za ki koyi aiki."

Nufina mu bi ta lungun baya mai ramuka, a tafiyar ƙafa, ko robar ta zame ya ji bugun da kansa. Na cire takalmi na hau gaba. Irin bas ɗin nan kujerar gaba a kan tayar take daidai. Muka fita, maimakon ya karya ta lungu sai ya miƙe titin Roni ya sa giya ta uku.

"Baba, ba nan ba."

"A lungu ake gwada mota? Saurara da kyau, Injiniya. Ina ƙarar?"

Babu ƙara. Amma tafin ƙafata yana jin wani abu yana motsi a ƙasa, laushi-laushi, kamar ka taka buhun da ba a cika ba. Na ga sitiyarin yana ɗan fizgar hannunsa zuwa dama yana mai da shi, bai ma san yana yi ba.

"Baba, rage gudu. Don girman Allah rage."

"Tsoro kike ji? Bakanikiya da tsoron mota?"

"Tsoro nake ji, Baba. Ka tsaya."

Ya yi dariya, ya ɗaga ƙafa daga totur don ya juyo ya ga fuskata da kyau. Ina jin wannan dariyar ce ta cece mu, don ta rage mana gudu. Akwai wata kwalbati bayan an wuce gonakin farko, inda kwalta ta ɗan zauna. Muna hawa na ji "ɗas", sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Sai gefena ya nutse. Kujerar ta tafi ƙasa da ni, ƙarfe ya kama kwalta yana kururuwa, na ga tayar da nake zaune a kanta ta leƙo ta gefen ƙofa a kwance. Motar ta ja mu zuwa dama, Baba Sule yana salati yana murɗa sitiyarin da ba ya haɗe da komai. Muka sauka daga titi, muka keta geron wani bawan Allah, muka tsaya da hancin motar a bakin ramin da ruwan kwalbatin yake taruwa. Da tana ɗauke da mutum goma sha huɗu da buhunansu a sama, ba tsayawa za ta yi ba, juyawa za ta yi. Wannan ba tsoro ne yake magana ba, lissafin nauyi ne.

Ƙofata ta ƙi buɗuwa. Ta taga wasu masu noma suka zaro ni, ba takalmi, goshina yana jini. Na zauna a kan kunyar gero ina kallon ƙafafuna, na kasa tuna yadda ake tashi.

Baba Sule ya fito lafiya, hularsa ce kawai ta faɗi. Ya zaga ya dubi tayar, ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai ce wani abu. Ya kuwa ce. Ya juya wajen mutanen da suka taru ya nuna ni.

"Kun ga yarinyar nan? Sati biyu tana kira wa motata karyewa. Ga shi bakinta ya kama. Shekara goma ban taɓa faɗuwa ba sai yau da ta shiga."

Wani ya ce, "Baki ai ba ƙarya ba ne." Wani ya ce dama mace a ƙarƙashin mota ba alheri. Kafin azahar labari ya isa tasha, ya ƙara kiɓa a hanya: wai na kwance wani noti don a dawo mana da aiki. Motar da ranar ko jak bai bari na sa mata ba.

Da Kawu ya dawo da la'asar aka jawo bas ɗin. Ya sa filaya ya zaro tiyub ɗin daga kofin, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Sai da mutane suka watse ya juyo kaina. Na zaci zai ce sannu.

"Wa ya ce ki shiga?"

"Kawu, ba yadda zan hana shi. Babba ne."

"Makullin fa? A aljihunsa yake?"

"A jiki yake."

"To ki zare ki cilla kan rufin kwano mana! Ya zage ki, ya zagi uwarki, ni in dawo in je har gida in durƙusa. Haƙuri ana ba da shi kullum. Ke in kin mutu a ina zan samo wa mahaifiyarki wata? Kin san ƙafa ta mutu, kika ɗauki kanki kika ɗora a kai don kada ran dattijo ya ɓaci."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi haka ba. Ya shiga ciki ya daɗe yana neman abin da bai ɓata ba.

Don haka in har yanzu kuna so, ku zo ranar Litinin da tsofaffin kaya, akwai noti da yawa. Boris da shaf da birki duk zan koya muku, ba su fi shekara biyu ba in kuna da kunne. Abin da ban iya ba, ban kuma san wanda zai koya mana ba, shi ne yadda yarinya za ta zare makulli a motar sa'an ubanta.

Jiya da hantsi ina zaune ina goge sifana, sai ga wata tsohuwa ta shigo da sanda, tana tambayar ina bakanikiyar Iliya. Na tashi na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan filastar goshina.

"Ke ce kika ɓata motar Sule?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Tun sassafe nake zaune a tasha da kayan sunan jikata. Sule da kansa ya ce ya ajiye mini kujerar gaba saboda ciwon ƙafata. Sai aka ce wai wata ta shige kujerar sun tafi yawo. A bayan akori-kura na je Gwiwa, a kan buhun masara, na tarar har an raɗa suna an watse. Ko tuwo ban samu da zafi ba. Haka aka koya miki, ki hau kujerar manya?"

Na dubi ƙafafunta, sirara, a kumbure wajen idon sawu. Ba za su fita ta taga ba.

Na durƙusa har ƙasa na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Na yi laifi."

Ta ce, "Allah ya shirye ki."

Na ce, "Amin, Inna."